Ranar da Alton Ya Hau Bishiyar Gaggafa

Shekarar da gaggafa ta yi sheƙa a Tsibirin Akuya ita ce shekarar da aka fara damƙa mini gudumar taron garinmu. Sunana Lorna, kuma a Orrin Mills ta jihar Maine aka haife ni. Mu ba mu da magajin gari. Duk watan Yuni muke haɗuwa a zauren wasanni na makarantar firamare, a jera kujerun ƙarfe, kowa ya faɗi abin da ke ransa, a ɗaga hannu, magana ta ƙare. Yawanci a kan gyaran hanya da kwashe ƙanƙara muke ɓata rana. Amma a wannan shekarar, tun kafin Yuni ya kama gari ya rabu gida biyu, kuma tsagin ya bi ta tsakiyar gidan yayana.

Yayana Alton Tarbox ya yi aikin hawa falwaya a kamfanin lantarki har ya yi ritaya. Shekarunsa sittin da shida a lokacin. Tun yana saurayi shi ne mai harba wutar wasa mai fashewa a sama ranar huɗu ga Yuli, ranar 'yancin kai, kuma daga Tsibirin Akuya yake harbawa, can tsakiyar tafki, mu kuma mu zauna a gaɓa muna ihu. Ba ya karɓar ko sisi. Tun daga Janairu yake fara zana yadda wutar za ta tashi, wace za ta bi wace.

Matarsa Colette ƙawata ce tun muna aji ɗaya, ni ma na haɗa su. Ita ce ta fara hango gaggafar ta tagar kicin ɗinta a watan Maris, manya biyu masu farin kai, suna jigilar ƙirare zuwa kan doguwar bishiyar da ke tsibirin. A waya ta kira ni tana haki kamar wadda aka biyo.

"Lorna, bar abin da kike yi ki zo! Ki zo yanzu!"

"Gobara ce?"

"Ke dai zo!"

Na je da takalmin cikin gida. Ta manna mini madubin hangen nesa a ido. Alton yana zaune yana shan gahawa, ya leƙa sau ɗaya ya ce, "Kyau dai suna da shi. Kafin Yuli sun kama gabansu."

Ba su kama gabansu ba. Suka yi ƙwai, suka ƙyanƙyashe 'ya'ya biyu. Jami'ar gandun daji ta yankinmu, wata matashiya mai suna Bethany Cyr, ta zo ta duba ta ce a farkon Yuli 'ya'yan ba su gama koyon tashi ba, ƙarar wuta za ta iya firgita su su faɗo. Tafkin namu siriri ne, duk inda ka tsaya a cikinsa kana kusa da tsibirin. Filin makaranta kuma yana jikin gidan tsofaffi da gidan mai, shugaban 'yan kwana-kwana ya ce ko ashana ba za a ƙyasta a can ba. Ya rage ko a harba daga tsibirin, ko a haƙura.

Alton ya kafa allo a gaban gidansa, hannun dama da ƙofa: WUTARMU RANAR 'YANCINMU. Washegari Colette ta kafa nata a hannun hagu: A BAR UWA TA YI RENO. Mutane suka riƙa rage gudu suna ɗaukar hoto. Duk da haka a mota ɗaya suke zuwa coci, tana gyara masa kwalar riga suna gardama.

Ranar taro zauren ya cika har bakin ƙofa. Daren jiya an sha iska mai ƙarfi, rassa duk sun zube a hanya, amma ban ga wanda ya fasa zuwa ba. A bayan zaure mata sun jera tukwanen dafaffen wake da burodi da kek ɗin tuffa, ƙamshi ya gauraye ko'ina. Mista Elwood Grindle, tsohon malamin tarihi wanda ya koyar da rabin mutanen da ke zauren, shi ne ya saba jan taron. Amma kunnensa ya yi nauyi, bara har ya sanar da sakamakon ƙuri'ar da ba a kaɗa ba. Shi ya miƙe ya ambaci sunana, aka zaɓe ni kafin in samu bakin ƙi. Da yake miƙo mini gudumar katakon ya raɗa mini, da muryar da har na baya suka ji, "Kada ki ji tsoron kowa, yarinya. Musamman danginki."

Aka yi wa tuta mubaya'a, aka zauna. Muka wuce maganar hanya da ta makabarta a guje, ba wanda ya ce uffan. Da na karanta batun wasan wuta, hannaye suka tashi kamar an shuka su.

"Mista Tarbox," na ce.

Aka fashe da dariya, domin kowa ya san da wane suna nake kiransa a gida. Alton ya miƙe, ya gyara wando, ya rusuna mini har da dafe ƙirji.

"Ranki ya daɗe, Shugabar taro. Ni dai ba mai dogon turanci ba ne. Tun zamanin kakanmu ake harba wuta daga tsibirin nan. Lokacin yaƙi an harba. Shekarar da masaƙa ta rufe, rabin gari ba aiki, an harba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka sa hannu a takardar 'yancin nan da kansa ya ce a riƙa murnar ranar da ƙararrawa da haske har abada. Yanzu kuma sai a ce mu zauna cikin duhu saboda tsuntsu? Tsuntsun da ko kamun kifi ƙyuya yake yi, sai ya jira wani ya kama ya ƙwace? Mai cin mushe a gefen titi? A can ƙarshen tsibirin nake kafa kayana, bishiyar tana wancan ƙarshen. Su toshe kunne na rabin awa mana!"

Ɓangarensa suka ɗauki tafi da buga ƙafa. Na buga guduma, na ji daɗin ƙarar har cikin raina.

"Misis Tarbox."

Colette ta miƙe a hankali. Kujerarta tana jikin tasa.

"Shugaba, ina roƙon mai maganar da ya gabata ya naɗe hannun rigarsa na hagu."

"Wannan ba ya cikin batu!" in ji Alton.

"Naɗe! Naɗe!" zaure ya ɗauka.

Ba yadda ya iya, ya naɗe. Ga ta nan a damtsensa, gaggafa ta buɗe fukafukai, zanen da ya yi tun yana soja, ta ɗan koɗe ta yi taushi tare da mai ita. Dariya ta kusa ɗage rufin. Wani daga baya ya yi ihu, "Mai cin mushen ce wannan, Alton?"

Colette ba ta yi dariya ba. Ta jira aka lafa.

"Ita ce tambarin ƙasarmu, tana hannunka, tana bayan dalar da ke aljihunka, ga ta can a kan sandar tutar da muka yi wa mubaya'a ɗazu. Ta ƙarfe muna so, ta takarda muna so. Mai rai ce ta zo ta zama matsala. Babana ya sha ba ni labarin yadda suke shawagi a kan tafkin nan yana yaro. Ni na taso babu ko ɗaya, maganin ƙwari ya gama da su. Ya rasu bai sake ganinsu ba. Yau sun dawo da kansu, ba wanda ya gayyace su, sun zaɓi garinmu. Haba jama'a! Mu tarbe su da bama-bamai?"

Tafin wannan karon ya fi na farko. Daga nan abu ya kacame. Mai shagon kayan sanyi ya ce ranar ce kasuwarsa ta shekara. Wata ta ce karenta ma kwana yake yi a ƙarƙashin gado duk huɗu ga Yuli, ba wanda ya taɓa kiran taro saboda shi. Wani ya ce 'yanci shi ne kada jami'in gwamnati ya zo ya gaya maka yadda za ka yi murna, wani ya mayar masa cewa 'yanci shi ne abin da muke yi yanzu, ya zauna ya bar wasu su yi magana. Ni kuwa ina ta nuna mutane da guduma, gumi yana bin bayana, kuma wallahi ban taɓa jin daɗin wani aiki kamar wannan ba.

Na kira Bethany ta yi bayanin doka. Ta fito gaba da kakinta, ta fara cewa doka ta hana a takura wa gaggafa a sheƙarta, sai wayarta ta yi ƙara. Ta duba, ta nemi afuwa, ta juya baya. Da ta juyo fuskarta ta sauya.

"Wani mai kamun kifi ne. Ya ce ɗaya daga cikin 'ya'yan yana ƙasa, a gindin bishiyar. Da alama iskar jiya ce ta jeho shi. Yana da rai."

Colette ta dafe baki.

"To me ake jira?" wani ya tambaya.

"Mai hawa mana bishiya yana can bakin teku, ba zai iso yau ba. A cikin wannan sarƙaƙiyar iyayen ba za su sauko su ciyar da shi ba, kuma idan ya kwana a ƙasa wani naman zai iya samunsa. Ina buƙatar jirgin ruwa yanzu."

Kujeru suka fara ƙara, kowa ya miƙe, ana turereniya zuwa ƙofa. Na buga guduma har sai da hannuna ya yi zafi.

"Ba inda za ku! Taro yana zaune! Duk wanda ke son fita ya kawo ƙuduri!"

Suka tsaya cak suna kallona kamar ba su san ni ba. Mista Grindle ya gyaɗa kai yana murmushi, ko da yake ban tabbata ya ji abin da ake ciki ba.

Alton ne ya ɗaga hannu. "Na kawo ƙuduri a tafi hutu. Jirgina yana bakin ruwa."

"Na goyi baya!" in ji Colette. Tun Maris ba su haɗu a kan magana ɗaya ba sai ranar.

"Masu goyon baya?"

"Eeeh!"

Ban ma tambayi masu adawa ba. Na cusa gudumar a jakata na bi su da gudu.

Jirgin Alton faffaɗa ne kamar dandamali, da shi yake kai kayan wuta tsibirin. Mu huɗu muka tsaya a gabansa, ni da shi da Colette da Bethany. Kafin mu shiga sai ya koma bayan motarsa ya jawo wata tsohuwar jaka. Da ya zuge ta na ga ɗamarar fata da igiya da ƙarafan nan masu tsini da masu hawa falwaya ke ɗaurawa a ƙafa. Colette ma ta gani.

"Me za ka yi da waɗannan?"

"Ado zan yi."

"Alton Tarbox, ba za ka hau bishiyar nan ba."

"To wa zai hau? Ke?"

"Gwiwarka fa? Likita ya ce ko tsani..."

"Likita bai taɓa hawa komai ba sai kujera."

"Bethany, gaya masa! A kai tsuntsun asibitin dabbobi mana, a rene shi a can!"

Bethany ta ce ana iya yin haka, amma idan bai karye ba, babu abin da ya kai a mayar da shi wurin iyayensa. Ta dubi Alton sama da ƙasa ta ce ita ba za ta sa shi ba, kuma ba za ta iya hana shi ba.

Colette ta riƙe masa riga da hannu biyu. "Ka bar shi. Na ce ka bar shi! Tsuntsu ne kawai!"

Alton ya buɗe ido. Ya juya wurin jama'ar da suka cika gaɓa ya ɗaga murya. "Kun ji ko? Shugaba, a rubuta! Ta ce tsuntsu ne kawai!"

"Allah ya shirye ka, tsohon banza," in ji ta, hawaye yana zubo mata tana dariya. Ta riga shi shiga jirgin.

Duk mai jirgi a garin ya biyo mu. Na inji, na filafili, har da wani da ya zo a kan katakon wasan ruwa da takalmin zuwa taro a ƙafarsa. Bethany ta tsaya a bakin jirginmu ta yi musu tsawa cewa kowa ya tsaya nesa, a kashe inji, kuma duk wanda ya danna oda ko ya yi ihu sai ta rubuta masa tara. Suka yi zobe a kan ruwan, tsit.

Muka kutsa cikin sarƙaƙiya har gindin bishiyar. Ni ina tsammanin ɗan ƙaramin abu mai laushi zan gani. Sai ga wani ƙato kamar talotalo, baƙi-ƙirin, ba fari ko ɗigo a kansa, ya jingina da saiwa ya buɗe baki yana huci, ƙafafunsa rawaya da farata kamar ƙugiya.

"Wannan mummunan ne a kan kuɗinmu?" in ji Alton.

"Kai ma da kana ƙarami ba ka fi shi ba," na ce. "Ina da hoto."

Bethany ta lallaɓa ta baya ta jefa masa tawul a kai, ta cafke ƙafafun da hannu ɗaya. Nan take ya yi laƙwas. Ta miƙe fukafukansa ɗaya bayan ɗaya, ta laluba ƙashi, ta duba ido. Ba karaya. Yunwa ce kawai da fushi. Ta sa shi a wata jakar zane mai ƙarfi ta ɗaure bakin da igiya.

Na ɗaga kai na dubi bishiyar, sai da wuyana ya ƙage. Ta ninka kowace falwaya sau biyu ko fi. Can ƙololuwa ga sheƙar, tulin ƙirare mai faɗin gadon ma'aurata. Iyayen biyu suna kewaya sama suna kuka, kuma abin mamaki, duk girman nan muryarsu 'yar siririya ce kamar ƙofar da ke son mai.

Alton ya ɗaura ƙarafansa. Ya zagaya ɗamarar a jikin bishiyar, ya tofa yawu a tafin hannu, ya soka ƙafar dama, ya soka ta hagu. Ban taɓa ganinsa a bakin aiki ba sai ranar. Mutumin da ke nishi kafin ya tashi daga kujera, ga shi yana tafiya sama kamar mai taka matakala. Soka, soka, ya ɗaga ɗamara. Soka, soka, ya ɗaga ɗamara. Colette ta kama damtsena, tana addu'a da Faransancin kakarta wanda ban san ta iya ba.

Ya wuce rabi ya shiga cikin rassa. A nan dole ya riƙa kwance ɗamara yana sake ɗaurawa a saman kowane reshe. Yana cikin haka ya taka wani busasshe. Ƙarar karyewarsa ta ratsa tafkin gaba ɗaya. Reshen ya faɗo kusa da mu, Alton ya sulluɓo, ɓawon bishiya yana zubo mana a ka, sannan ɗamarar ta riƙe shi ya tsaya yana lilo. Faratan Colette suka shige fatata. Daga kan ruwa na ji mutane sun ja numfashi a tare.

"Alton!"

Sai muryarsa ta sauko.

"Hulata ta faɗo. Kada wanda ya taka mini ita."

"Zan kashe ka da hannuna idan ka sauko!" in ji Colette.

"To ai gara in zauna a nan."

Ya ci gaba. Wurin da ya fi wuya shi ne bakin sheƙar, domin ta fi bishiyar faɗi, sai ya miƙa jiki baya kafin ya leƙa. Ya daɗe yana neman madafa. Da kansa ya ɓullo ta sama, sai ɗaya ɗan gaggafar ya miƙe tsaye ya buɗe fukafukai, muka hango su daga ƙasa kamar an buɗe laima.

"Matsa can, malam," muka ji Alton yana cewa. "Ɗan'uwanka na kawo maka. Kai, wane irin wari ne wannan? Ba a shara a gidan nan?"

Ya jefo igiya. Bethany ta ɗaura jakar, ya fara ja, mu muna riƙe da wata igiyar daga ƙasa don kada ta bugi rassa. Jakar ta tafi sama tana juyawa a hankali. Ya kama ta, ya tura ta cikin sheƙar, ya kwance bakin. Muka ga wani baƙin abu ya yi tsalle ya fita, ya girgiza jiki, ya koma can gefe ya tsaya kusa da ɗan'uwansa.

Na juya na dubi tafkin ta tsakanin itatuwa. Ba wanda ya yi ihu, tsoron Bethany ya hana. Amma duk sun miƙe tsaye a cikin jiragensu, suna kaɗa huluna da riguna da filafilai, wasu suna tsalle har jirgi na neman kifewa, baki a buɗe ba sauti. Can gaɓa ma haka, ɗaruruwan hannaye a sama. Ni ma na ciro gudumar ina kaɗa ta kamar mahaukaciya.

Alton bai sauko nan da nan ba. Ya ɗan jima a can yana kallon wajen gari. Da ya taka ƙasa, sai ya zauna daɓas. Hannayensa duk sun kuje, ƙashin kifi a gashinsa. Colette ta kai masa duka a ƙirji sau biyu, sannan ta rungume shi ta ƙi saki.

"Kana wari," ta ce cikin rigarsa.

"Warin tambarin ƙasarmu ne. Ki girmama shi."

Muna barin tsibirin, kafin mu kai gaɓa, ɗaya daga cikin iyayen ta sauka a bakin sheƙar. Bethany ta sauke madubinta ta ce, "Shi ke nan," ta share ido da bayan hannu.

Aka ci wake a tsaye, kowa yana ba kowa labarin abin da kowa ya gani. Da na sake buɗe taro, Alton ya shigo aka miƙe ana tafi, har da waɗanda ɗazu suke kiransa mai taurin kai. Ya ɗaga hannu, na ba shi dama. Kowa ya gyara zama, ana jiran ya janye maganarsa.

"Shugaba, na ga kamar ana yi mini wani irin kallo. To ku sani ban canza ba. Na mayar da yaro gidansu ne don ba a barin yaro a ƙasa. Wutata kuma ina so. A kaɗa ƙuri'a."

"Kai, Alton!" aka ɗauka, wasu na dariya wasu na riƙe kai.

Na ce masu son a harba wuta daga tsibirin ranar huɗu ga Yuli su miƙe. Alton ya miƙe da kujajjun hannayensa, mutane da dama suka bi shi. Aka ƙirga. Na ce masu adawa. Colette ta miƙe, hannunta ɗaya yana kan kafaɗarsa. Ba sai an gama ƙirgawa ba, ido ma ya nuna, amma na bari aka gama. Na dubi yayana, na tuna yadda yake shimfiɗa zanensa a teburin kicin tun sanyi bai wuce ba.

"Batu ya faɗi," na ce, na buga guduma.

Ba wanda ya yi tafi. Alton ya gyaɗa kai, ya zauna yana kallon takalminsa. Can sai ya ɗago.

"Bethany, su waɗannan baƙin namu, yaushe za su sallame mu?"

Ta ce kafin ƙarshen Agusta 'ya'yan sun iya tashi sun bar sheƙar.

"To a Satumba tsibirin nawa ne?"

"Naka ne."

"Wutar me za a yi a Satumba?" in ji mai shagon kayan sanyi. "Murnar komawa makaranta?"

Mista Grindle, wanda wata jikarsa ke maimaita masa komai a kunne, ya doka sandarsa a ƙasa ya miƙe.

"Kai, Dwight, a ajina ka zauna shekara biyu, kuma ban yi mamaki ba! Sha bakwai ga Satumba! Ranar da aka sa hannu a kundin tsarin mulki! Takardar Yuli cewa ta yi mun bar sarki. Ta Satumba ce ta faɗi yadda za mu zauna da juna ba sarkin. Ita ce ta fi wuyar rubutawa, kuma ko ƙyastu ɗaya ba wanda ya taɓa yi mata!"

Zaure ya ɗauki sowa. Alton ya miƙe tsaye idonsa yana ƙyalli. Ni kuwa na rikice, domin an riga an rufe batun, ban san ta inda ake sake buɗe shi ba. Mista Grindle ya daka mini tsawa cewa sai wani daga ɓangaren da ya yi nasara ya nemi a sake dubawa. Duk kawuna suka juya wurin Colette.

Ta naɗe hannu. Ta dubi rufi. Ta ciro madubi daga jaka ta gyara gashinta.

"Colette," in ji Alton. "'Yar albarka. Hasken gidana."

"Ƙarafan hawan nan, gobe za su bar gidana."

"Sun bari."

"Allon nan naka kuma ka cire shi da kanka."

"Har da naki zan cire."

"Nawa ka bar shi." Ta miƙe. "Shugaba, na nemi a sake dubawa."

Aka gyara batun ya koma sha bakwai ga Satumba. Da na ce masu goyon baya, "Eh" ɗin da aka yi sai da ƙwallon da ya maƙale a rufin zauren tun bara ya faɗo.

Ranar huɗu ga Yuli aka yi fareti, Mista Grindle ya karanta takardar 'yanci daga matakalar ɗakin karatu, aka kaɗa ƙararrawar coci har igiyar ta tsinke. Da yamma Alton ya rasa inda zai sa kansa, ya zo gidana ya gyara mini famfon da bai lalace ba. A watan Agusta 'ya'yan gaggafar suka fara tashi, da farko kamar an jefa tsumma, daga baya ka rantse sun shekara suna yi.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne, a Satumba duk jihar ba mai wasan wuta sai mu. Tun la'asar motoci suka fara shigowa daga garuruwan da ko sunansu ba mu cika ji ba, har layi ya kai gada. Sanyi ya sauko, kowa ya lulluɓa da bargo, Dwight ya ajiye kayan sanyinsa ya koma sayar da kokon cakulan mai zafi har tukunya ta ƙare. 'Yan makaranta suka jeru a gaɓa suka karanto farkon kundin da ka, "Mu jama'a," da ƙarfi kamar masu faɗa. Rana tana faɗuwa Alton ya saki ta farko. Ta tafi sama tana feɗuwa, ta fashe ja, tafkin gaba ɗaya ya koma ja, sannan fari, sannan shuɗi, ɗaya na bin ɗaya ba numfashi. Duk ihun da Bethany ta hana mu a watan Yuni, a ranar muka biya shi.

Da jirginsa ya dawo gaɓa, fuskarsa baƙa da hayaƙi, girarsa ɗaya ta babbake, ya tsallako yana dariya kamar yaro.

"Lorna! Kin ga ta ƙarshen? Kin gan ta?"

"Na gani. Rabin jihar ma sun gani."

"Baɗi sau biyu za a yi. Yuli da Satumba."

Colette ta miƙa masa koko ta yafa masa bargo. "Sai ka kawo wa taro," ta ce. "Sha, kafin ya huce."